Tambaya da Amsa: Wai sanyin bana zai fi na kowace shekara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai kiwon kaji ce a Funtuwa, ina da ɗaki biyu a bayan gida, kuma na saba zuba 'yan tsaki a farkon Disamba. Wani saƙo na yawo a zaurenmu na WhatsApp, wai masana sun ce sanyin bana zai fi na shekarun baya gaba ɗaya, kuma zai kai har Maris. Ɗana kuma ya nuna mini wata manhaja a wayarsa da ta jera yadda kowace rana za ta kasance har kwana 45, ita kuwa ba ta nuna wani sanyin a-zo-a-gani ba. Na rasa wanda zan kama. In sayi gawayi ninki biyu tun yanzu, ko in ɗage zuwan 'yan tsakin? Daga mai kiwon kaji, Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa wa kiwo albarka. Kada ki ɗage zuwan 'yan tsakinki saboda saƙon nan, kada kuma ki rage shiri saboda manhajar yaronki. Dukansu biyu suna faɗin abin da babu mai iya saninsa daga wannan nisa.

Saƙon WhatsApp ɗin ba zai ci mana lokaci ba. Duk saƙon da ya ce "masana sun ce" bai faɗi hukumar da ta faɗa ba, bai faɗi ranar da aka faɗa ba, bai faɗi yankin da ake nufi ba, to ki ajiye shi gefe. Hukumomin hasashen yanayi na gaskiya ba su ma magana da irin wannan bakin. Ba za ki ji sun ce tabbas bana za a yi sanyin da ba a taɓa yi ba.

Manhajar wayar ce ta fi damuna, domin ita tana zuwa da lambobi da hoton rana da gajimare, sai mutum ya ɗauka ilimi ne tsantsa. Hukumar NOAA ta Amurka, wadda ke cikin manyan masu wannan aiki a duniya, ta ce hasashen kwana 5 yakan dace kusan sau 9 cikin 10, na kwana 7 kusan sau 8 cikin 10, amma da an kai kwana 10 ko fiye, rabi ne kawai ke dacewa. To ina ga kwana 45? Lambar da manhajar ta rubuta a kan ranar 10 ga Janairu ba ta wuce abin da aka saba gani a irin wannan rana a shekarun baya ba, an ɗan yi mata kwaskwarima. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma a harkar yanayi maganar haka take daidai: daga Laraba ana iya hango Juma'a. Daga Oktoba ne ba a hango wata Juma'a ta cikin Janairu.

Ba ƙarancin na'ura ne ya jawo haka ba. A 1961 wani masanin yanayi a jami'ar MIT ta Amurka, Edward Lorenz, yana gwada lissafin motsin iska a kwamfuta. Da ya zo maimaita wani lissafi, maimakon ya shigar da 0.506127 sai ya gajarta ta zuwa 0.506, yana ganin ɗan ragin ba zai yi komai ba. Da farko sakamakon biyu sun tafi tare, can gaba suka rabu har ba su kama da juna ko kaɗan. Iskar duniya haka halinta yake: ɗan kuskuren awo na yau yana ninkuwa kullum, kafin mako biyu ya cinye hasashen. Kuma babu yadda za a yi a auna iskar kowane lungu na Sahara ba tare da kuskure ba. Shi ya sa cibiyar hasashe ta ƙasashen Turai, ECMWF, ba ta gudanar da lissafinta sau ɗaya. Takan maimaita shi kusan sau 50, kowane da ɗan bambanci a farko. Idan duka suka nufi wuri ɗaya, sai a faɗa da ƙarfin gwiwa. Idan suka watse, an san an zo iyakar abin da za a iya faɗa.

Za ki ce to me ya sa ake jin hukumomi na fitar da hasashen wata uku? Wannan wani aiki ne daban, kuma yana da tushe. Teku ba ya sauya zafinsa da sauri kamar iska. Idan ruwan tekun Fasifik ya ɗumama fiye da yadda ya saba, abin da ake kira El Nino, kamar yadda ya faru a 2015 zuwa 2016 da kuma 2023 zuwa 2024, yakan ɗauki watanni a haka, kuma yakan karkata yanayin wurare masu nisa zuwa wani ɓangare. Daga nan ake gina hasashen dogon zango. Amma ki lura da abin da yake faɗa. Ana raba shekarun baya gida uku: masu sanyi, matsakaita, da masu ɗumi, kowane gida da kashi 33 cikin 100. Sai hasashen ya ce bana gidan ɗumi ya tashi zuwa kashi 45, misali. Ma'ana har yanzu akwai kashi 55 na cewa ba hakan za a yi ba. Kuma maganar a kan jimillar wata uku ce a faɗin yanki guda, ba a kan wani dare a bayan gidanki ba. Kamar dillalin hatsi ne da ya san masara takan yi tsada idan damina ta kankama, amma bai isa ya faɗa miki kuɗin buhu a kasuwar wata Litinin ɗin musamman ba.

An taɓa ganin wannan bambancin a fili. A watan Oktoban 2020 NOAA ta ce hunturun kudancin Amurka ya fi karkata ga ɗumi da bushewa. A tsakiyar Fabrairun 2021 wata iska mai tsananin sanyi ta gangaro daga arewa ta rufe jihar Texas. A birnin Dallas awo ya sauka zuwa digiri 19 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyos, gidaje sama da miliyan huɗu suka rasa lantarki, kuma hukumomin jihar sun ƙirga mutum 246 da suka rasu. Masu hasashen kwana-kwana sun hango wannan sanyin kwanaki kafin ya iso, sun kuma yi gargaɗi. Wanda aka fitar tun Oktoba ne ba shi da idon ganin mako ɗaya a cikin wata uku. A Birtaniya ma hukumar yanayinsu ta karkata ga cewa hunturun 2009 zuwa 2010 zai zo da sauƙi, sai ya zama mafi sanyi a kusan shekara 30, har a watan Maris na 2010 ta daina fitar wa jama'a irin wannan hasashe a yadda ta saba.

Mu dawo gida. Hunturunmu daga arewa maso gabas yake zuwa. A arewacin Chadi akwai wani kwari da ake kira Bodele, kusa da Faya-Larjo, wanda a zamanin da can ƙasan wani makeken tafki ne. Iska na kutsawa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta ƙara gudu, ta kwashi farar ƙurar da ke kwance a kwarin. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu sai ga hazo a Maiduguri da Damagaram da Kano, har jiragen sama su kasa sauka. Abin da ke zuga wannan iska shi ne nauyin iskar da ke taruwa a kan hamada, wanda ke ƙaruwa idan sanyi ya gangaro daga wajen tekun Bahar Rum. Yana zuwa ne zango-zango: kwana uku ko biyar na muku-muku, sai a ɗan sarara, sai ya dawo. Irin wannan zango tauraron ɗan'adam yana ganinsa, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, kuma takan fitar da gargaɗin hazo na kwana uku, kuma wannan abin a saurara ne. Babban hasashen da NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara ya fi ƙarfi a kan damina: yaushe ruwa zai sauka, yaushe zai ɗauke, ina za a yi ƙaramin fari. Haka ma taron da cibiyoyin nazarin yanayi na AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai ke shiryawa kafin damina. Manomi na iya amfana da su wajen zaɓen iri da lokacin shuka, kuma ina ba da shawarar a riƙa bibiyarsu. Amma ba su ne za su gaya miki daren da ɗari zai sauko ba.

Abin da kika riga kika sani ya fi waɗannan duka amfani a gare ki. A ƙasar Kano da Katsina, a Disamba da Janairu, awo da asuba yakan sauka wajen digiri 13 a ma'aunin Salsiyos, wasu dararen ya yi ƙasa da haka. Ɗan tsako kuwa a makonsa na farko yana son digiri 32 zuwa 35, sannan a riƙa rage masa kusan digiri 3 kowane mako har ya yi gashi. Ki dubi tazarar: kusan digiri 20. Ko an yi hunturu mai sauƙi, ko an yi mai tsanani, bambancin da zai shiga tsakaninsu ƙarami ne a kan wannan tazarar da dole ki cike da wuta. Saboda haka ki auna gawayinki da abin da kika ƙona a shekarar da ta fi ba ki wahala, ki ɗora ɗan ƙari. Gawayi ba ya lalacewa idan an ajiye shi a busasshen wuri, in ya yi saura za ki same shi. Ninki biyu dai ban ga dalilinsa ba, gara kuɗin ya tafi ga abinci da rigakafi, musamman na cutar Nukasil da ta fi yaɗuwa a wannan lokaci.

Ki toshe ɓangaren arewa da gabas da leda ko buhu, domin ta nan iskar ke shigowa, amma ki bar kafa ta sama. Ina roƙonki da wannan, Hajiya: gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba marar wari, tana kashe kaji, tana kashe mutum. Ki bari ya ruru a waje, hayaƙin ya ƙare, kafin a shigar da kaskon. Kada a bar yaro ya kwana a ɗakin wai don gadin wuta. Ki sayi ma'aunin zafi ki rataye shi daidai tsayin tsakin, ba a saman bango ba. Ki kuma leƙa su tsakanin ƙarfe uku na dare da kiran assalatu, lokacin da sanyi ya fi sauka kuma wuta ta fara mutuwa. Idan kika tarar sun cure a gindin kasko suna hawa kan juna suna tsuwwa, sanyi suke ji, kuma na ƙasa ne ke fara mutuwa saboda danniya. Idan sun gudu jikin bango suna haki da buɗaɗɗen baki, wuta ta yi yawa. Idan sun bazu ko'ina, wasu na ci wasu na barci, to kin dace. Manhajar yaronki kuma kada a goge ta: ya riƙa duba miki kwana uku zuwa biyar na gaba kawai, da ya ga lambar dare ta fara sauka sai ki ƙara kasko.

TAMBAYA: Malam, na samu gurbin karatu a Winnipeg ta ƙasar Kanada, zan tafi a Janairu. Wani abokina da ke can ya ce wani littafin hasashe da manoman Amurka ke amfani da shi ya nuna hunturun bana zai yi sauƙi, don haka kada in ɓata kuɗi a kan manyan rigunan sanyi. Ya kake gani? Daga ɗalibi, Zariya.

AMSA: Allah ya ba da sa'a, ɗana. Ina jin littafin Old Farmer's Almanac yake nufi, ko wani irinsa. Tun 1792 ake buga shi, kuma masu shi na cewa suna dacewa kashi 80 cikin 100. Da masana a Jami'ar Illinois suka gwada hasashensa da abin da ya faru a zahiri, a wani bincike da aka wallafa a 1981, sun tarar dacewarsa ba ta wuce kusan rabi ba.

Ko da ma ya dace, ka tambayi abokinka me "sauƙi" ke nufi a can. Matsakaicin awon Winnipeg a Janairu ya kai wajen digiri 16 ƙasa da sifili, kuma akan samu ranakun da yake wuce digiri 30 ƙasa da sifili. Hunturun da ya fi na kullum ɗumi da digiri 2 ko 3 har yanzu yana iya daskarar da yatsa da kunne cikin mintuna idan iska na kaɗawa. Ka tafi da abin da zai kai ka daga filin jirgi zuwa masauki: rigar sanyi mai kauri, hula mai rufe kunne, safar hannu da ta ƙafa, ko a gwanjo za ka samu masu kyau. Babbar rigar da takalmin ƙanƙara kuwa ka ware kuɗinsu ka saya a can cikin kwanakin farko, domin waɗanda ake sayarwa a can don irin sanyinsu aka ɗinka su. Kullum kafin ka fita ka duba hasashen hukumar yanayi ta Kanada na ranar, ka kula da lamba ta biyu da suke bayarwa, wadda ke nuna yadda jiki zai ji sanyin idan an haɗa da iska, ita za ka bi wajen sa kaya.