Me ya sa haruffan Sinanci ba sa zama a kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, ina sayo kayan wuta da na waya daga Guangzhou, kuma na gaji da dogaro da tafinta. Wata bakwai ke nan ina koyon Sinanci. Magana tana ɗan shiga, amma rubutun ya gagare ni. Kowane harafi sai na cika shafi guda da shi, sau hamsin ko fiye, amma bayan kwana uku in na gan shi sai ka ce ban taɓa ganinsa ba. An kuma ce mini haruffan sun fi dubu hamsin. Akwai dabara, ko dai in haƙura in tsaya a kan pinyin, wato rubuta Sinanci da haruffan boko?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in fara sauke maka wannan dubu hamsin ɗin daga ka, don na ga ita ce ta fi danne ka. Wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba. Ƙamus ɗin Kangxi da aka kammala a 1716 yana da haruffa sama da 47,000, akwai kuma na baya-bayan nan da suka fi shi. Sai dai mafi yawansu tsofaffi ne da suka daɗe da fita daga amfani, ko siffofi daban-daban na harafi guda. Jadawalin da gwamnatin Sin ta fitar a 2013 haruffa 8,105 ne, kuma matakinsa na farko, wanda ake son ɗan makaranta ya sani, 3,500 ne. Dubun farko da aka fi amfani da su suna cinye kusan kashi 90 cikin 100 na rubutun yau da kullum. Kada ka yi saurin murna da wannan adadi, domin harafi ɗayan da ba ka sani ba cikin kowane goma sau da yawa shi ne ke ɗauke da zancen. Amma dai ka ga tafiyar tana da iyaka.

Tsayawa a kan pinyin kuwa, ba na ba ka shawarar haka. Pinyin, wanda aka amince da shi a 1958, sanda ce ta koyon furuci. Gaɓoɓin Sinanci kusan 400 ne kacal in ba a lissafa karin sauti ba, don haka kalmomi da dama suna tarayya a sauti ɗaya. Ɗauki shì: 是 na nufin "ne", 事 al'amari, 市 kasuwa ko birni, 试 gwadawa, 室 ɗaki. Sauti ɗaya, kari ɗaya, harafi ne kawai ke raba su. Kuma rasit ɗinka, da takardar kaya, da saƙon da mai masana'anta zai turo maka ta manhajar WeChat, babu wanda zai zo da pinyin.

Yanzu ga inda matsalar take. Kana kallon harafi kamar zane, kana kwafarsa ja bayan ja, alhali gini ne da aka yi da tubala, kuma tubalan ba su da yawa. Duba 请. Wanda bai sani ba ja goma yake gani a watse. Wanda ya sani abu biyu yake gani: 讠 a hagu, alamar magana, da 青 a dama, wanda ake karantawa qīng. Na hagu yana nuna maka unguwar da ma'anar take, na dama yana raɗa maka yadda ake furtawa. Harafin qǐng ne, roƙo ko gayyata, abin da ake yi da baki. Cire maganar ka sa ruwa, 氵, ka sami 清, qīng, tsarkakakke ko garau. Sa rana, 日, ka sami 晴, qíng, sama ta washe. Sa zuciya, 忄, ka sami 情, qíng, abin da ke cikin rai. Sa ido, 目, ka sami 睛, jīng, na cikin kalmar ido. Haruffa biyar ke nan a zama ɗaya, kuma ba za su gauraye maka ba, tunda ka san abin da ya raba su.

Fiye da kashi 80 cikin 100 na haruffan Sinanci haka aka gina su, ɓangaren ma'ana da ɓangaren sauti. Wannan shi ne abin da littattafan masu farawa ba sa tsayawa a kai yadda ya kamata. Sun fi son su burge ka da 木 itace, 林 itatuwa biyu kurmi, 森 uku daji, ko 休 mutum ya jingina da bishiya yana hutawa. Suna da daɗi, amma irinsu kaɗan ne, kuma suna sa ɗalibi ya zaci kowane harafi hoto ne, ya yi ta neman hoton da babu shi. A 妈, uwa, akwai mace 女 da doki 马. Na sha ganin ɗalibi yana ƙirƙiro labarin uwa mai aiki kamar doki. Dokin ba ruwansa da uwa, sautinsa aka ara: shi mǎ, ita mā. Shi ne dai a 吗 na tambaya, da 骂 zagi, da 码 na cikin 号码, lamba. Ka lura dai, ɓangaren sauti ba alƙawari ba ne. Furuci ya sauya cikin shekaru fiye da dubu biyu, wani lokaci karin ne ya bambanta, wani lokaci baƙin farko, wani lokaci ma ya sha bamban gaba ɗaya. Ka ɗauke shi kamar kwatancen gida da mai shago ya yi maka: yana kai ka layin, amma sai ka tambayi ƙofar.

Ɓangarorin ma'ana, waɗanda Sinawa ke jera ƙamus a kansu, 214 ne a tsarin Kangxi. Kada ka zauna haddar su duka, wasu sai ka shekara ba ka ci karo da su ba. Talatin zuwa hamsin da suka fi yawo sun ishe ka: mutum 亻, hannu 扌, baki 口, ruwa, wuta 火, ƙarfe 钅, zare 纟, ciyawa 艹, da makamantansu. Akwai ɗaya da na san zai zauna maka tun yau, 贝. Asalinsa hoton wuri ne, ɗan ƙwanson nan na teku, domin da shi Sinawan dā suka yi ciniki, kamar dai kakanninmu, waɗanda har yau kalmarmu ta kuɗi jam'in wurin nan ce. Shi ya sa za ka same shi a 贵 tsada, 货 haja, 费 kuɗin aiki, 账 lissafin bashi, 赔 biyan diyya. Buɗe kowace takardar ciniki da ke jakarka ka ƙirga sau nawa wurin nan ya leƙo.

Sai maganar sau hamsin. In kana da harafin a gabanka kana kwafa, bayan na uku ko na huɗu hannu ne kawai ke aiki, kai ya tafi kasuwa. Abin da ke kafa abu a ƙwaƙwalwa shi ne wahalar tuno shi bayan ya fara dusashewa. Kai da ka yi makarantar allo ka san wannan. Almajiri yana wanke allo ne bayan ya biya wa malam, sannan abin da ya wanke yana dawowa a tilawa, ba daga allon ba, daga ka. Wanda ya bar tilawa haddarsa ta zube ko da ya rubuta sau ɗari. To haka za ka yi. Kalli harafin, rarraba shi tubali-tubali da bakinka, rubuta sau biyu ko uku, rufe littafin, rubuta daga ka. Gobe kafin ka buɗe, sake gwadawa. Sai bayan kwana uku, sai mako, sai wata. Wanda ya kuɓuce maka ya koma farkon layi. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna tun 1885 cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko, daga nan ta lafa, shi ya sa bitar farko ke zuwa kusa-kusa, ta baya ta yi nisa.

Manhajar Anki wannan lissafin take yi maka, kyauta ce a kwamfuta da wayoyin Android. Pleco kuwa ƙamus ne da duk mai koyon Sinanci ya kamata ya kasance da shi a waya, kana iya zana harafin da ba ka sani ba da yatsa ya nemo maka. In ba ka son waya, katuna da kwalayen ashana biyar sun wadatar: wanda ka ci ya matsa kwali na gaba, wanda ka faɗi ya dawo na farko. Gargaɗina ɗaya ne. Kada zumuɗi ya sa ka zuba sababbi talatin a rana. Bayan mako biyu za ka tashi da bita ɗari uku a kanka, ka ji haushi, ka watsar. Biyar zuwa takwas a rana, kullum, har ranar kasuwa. Biyar a rana 1,825 ne a shekara.

Kuma kada ka sa harafi shi kaɗai a kati. Yawancin kalmomin Sinancin yau haruffa biyu ne, kuma a nan daɗin yake. 电 lantarki ne, hajarka ke nan. Haɗa shi da magana, 电话, tarho. Da ƙwaƙwalwa, 电脑, kwamfuta. Da tafki, 电池, batir. Da zare, 电线, wayar wuta. 手机 kuwa hannu da na'ura ne, kusan abin da muke cewa wayar hannu. Ka ga littafin karatunka na farko yana shagonka: kwalayen da kayanka ke zuwa a ciki. Harafin da ka karanta a jikin kwalin caja kana tsaye kana ciniki ya fi wanda ka gani a darasi na goma sha biyu zama.

Kowane harafi ka haɗa shi da karinsa tun ranar farko, kada ka ce sai daga baya. A nan Bahaushe yana da riba a kan Bature, don kunnenmu ya saba. Kuka na hawaye da kuka ta miya ba baƙi ko wasali ne ya raba su ba, kari ne. Bambancin kawai, nasu yana hawa ko sauka a cikin gaɓa ɗaya fiye da yadda muka saba. Ga biyun da za su iya jawo maka asara: 买 mǎi saye, 卖 mài sayarwa. A rubuce ɗan 十 da ke kan na biyun ne bambancin, a baki kuma kari. Ni kaina a shekarata ta farko na taɓa tura wa wani mai shago saƙo cewa ina son in sayar masa da keke, alhali saye nake nufi. Ya amsa da cewa yana da su da yawa, ya gode. Na yi kwana biyu ina jin haushin wulaƙancin da ya yi mini kafin in sake karanta abin da na rubuta. Irin waɗannan tagwayen, 未 da 末, 土 da 士, 己 da 已, 人 da 入, kada ka koye su rana ɗaya. Bari ɗaya ya zauna tukuna, sannan ka kawo ɗan'uwansa ka ajiye su gefe da gefe ka nemo jan da ya fi tsawo.

To rubutun hannu fa, dole ne? A nan malamai sun rabu, ni ga inda na tsaya. Haruffa ɗari uku zuwa ɗari biyar na farko ka rubuta su da hannu, a takarda mai gida huɗu-huɗu irin ta yaran firamaren Sin, wadda suke kira 田字格, kana bin ƙa'idar ja: sama kafin ƙasa, hagu kafin dama, na kwance kafin na tsaye, a shiga ɗaki kafin a rufe ƙofa kamar a 国. Wannan ne zai buɗe maka ido ka riƙa ganin tubalan, kuma da shi za ka iya karanta rubutun hannun Basine in ya yi maka lissafi a bayan kati da sauri. Bayan nan ka sassauta. Aikinka karatu ne da bugawa a waya, inda za ka rubuta pinyin ka zaɓi harafin da ya dace, wato ganewa ake bukata. Su kansu Sinawa suna da kalma kan wannan, 提笔忘字, a ɗaga alƙalami a manta harafi, don waya ta sa da yawansu suna karanta abin da ba za su iya rubutawa daga ka ba.

Tunda Guangzhou kake zuwa, sauƙaƙƙun haruffan da babban yankin Sin ya fara amfani da su daga 1956 za ka koya. Na gargajiya sai Taiwan da Hong Kong da Macau, in ka tsallaka can za ka ga 買 da 賣 da alamar wurin nan ta kuɗi, 貝, a ƙasansu, wanda sauƙaƙawar ta cire. Za ka kuma ji mutanen gari suna Kantonanci a tsakaninsu, furuci daban, amma rubutun takardun ciniki ɗaya ne.

In kana son ma'auni, jarrabawar HSK, wadda ake gwada ƙwarewa a Sinanci da ita, tana da jerin kalmomi mataki-mataki, kana iya bin sa don kada ka yi ta tsalle. Amma kafin tafiyarka ta gaba, ka ware mako guda ga haruffa goma da ba sa cikin darasin masu farawa: 壹 贰 叁 肆 伍 陆 柒 捌 玖 拾. Ɗaya zuwa goma ne, a siffar da ake rubuta kuɗi a takardun banki da rasit, saboda 一 ja ɗaya ce, kowa na iya ƙara mata biyu ta koma 三. Ka ɗauko tsohon rasit ka duba layin jimla, in an cike shi za ka gan su a jere kafin 元 ko 圆, wato yuan, kuɗin Sin, sau da yawa da 整 a ƙarshe, ma'ana cif, babu ƙari.