Tambayi Anti: An Ba Mu Naman Mus, Ya Gagari Haƙori

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya iyali? Muna zaune ne a St. John's, a tsibirin Newfoundland na Kanada. Abokin aikin maigidana ya je farauta a watan Oktoba ya harbo mus, wata ƙatuwar dabbar daji, ya aiko mana da kusan kilo goma a naɗe cikin takarda, wani gunduwa-gunduwa, wani niƙaƙƙe, har da hanta. Na ɗauki ƙunshi ɗaya na yi masa yadda nake yi wa naman sa: na tafasa da albasa da magi, na soya, na zuba a miya. Anti, sai da yara suka ce muƙamuƙinsu ya gaji, ga kuma ɗan ƙarni. Maigida ya ce kar in kuskura in zubar, kyauta ce. Yaya zan yi da sauran? Daga 'yarki a St. John's.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Kafin mu shiga kicin, akwai tambayoyi biyu da maigidanki zai kai wa abokinsa, kuma kar kunya ta hana shi.

Ta farko: me aka haɗa a cikin niƙaƙƙen naman? Mahautan da ke gyara wa mafarauta nama a can sun san mus ba shi da kitse, don haka sukan ƙara masa wani kitsen kafin su niƙa, kuma sau da yawa na alade ne. Idan ya ce bai sani ba, ki ware niƙaƙƙen gefe guda ki mayar masa cikin mutunci, ko ki ba maƙwabta.

Ta biyu: wa ya harbe shi? Ba ki faɗa min ko mutumin Musulmi ba ne. Ita dabbar halal ce, dangin barewa ce mai cin ganye. Abin da malamai suka yi saɓani a kai shi ne mafaraucin. A mashhurin zancen Malikiyya, wadda akasarinmu muka tashi a kanta, an shardanta mai farautar ya zama Musulmi idan harbin ne ya kashe dabbar, ko da yake ana cin yankan Ahlul Kitabi. Sauran mazhabobin uku sun halatta farautarsa kamar yadda suka halatta yankansa. Ni girki na iya, ba fatawa ba, don haka ku kai maganar ga limaminku. Amsata ta gaba ta rataya ne a kan ya ce ku ci.

Ga masu karatu da ba su taɓa ganinsa ba, mus shi ne mafi girma a dangin barewa. Tsayin namijin a kafaɗa yakan kusanci mita biyu, nauyinsa kan kai kilo 500, yana da faffaɗan ƙaho da yake zubarwa duk shekara ya tsiro da sabo. A tsibirinku ma baƙo ne kamar ku: a 1904 aka kawo guda huɗu daga New Brunswick aka sake su, suka tarar babu abin da ke cinsu sosai, yanzu sun haura dubu ɗari. Shi ya sa kyautar naman mus a wurinku ba wani abin mamaki ba ne, in kaka ta yi kusan kowace firiza sai an same shi.

To, yanzu ga inda gizo ke saƙa. Tafasa sannan suya dabara ce da ta dace da saniya da rago, don kitsen da ke tsakanin tsokarsu yana narkewa ya riƙe naman da laushi. Mus yini yake yi yana ratsa daji da fadama, a giram 100 na ɗanyen namansa da ƙyar ki samu giram ɗaya na kitse. Kika tafasa shi a wuta mai ƙarfi, tsokar ta takure ta fitar da ruwanta. Kika jefa shi a mai mai zafi, ɗan sauran ruwan ma ya ƙone. Abin da ya isa tebur kuwa igiyar guga ce. Naman nan hanya biyu kawai yake yarda da ita, ko a jima ƙwarai a kan ƙaramar wuta, ko a yanka shi siriri a yi masa sauri. Abin da ke tsakani duk ɓarna ne.

Ki fara da fito da shi daga firiza ki sa a firij kwana ɗaya ko biyu, a cikin matsami da kwano a ƙasa, jinin ya tsane a hankali. Kar ki narkar da shi da ruwan zafi. Sai ki ɗauki wuƙa mai kaifi ki zauna. Za ki ga wata farar yana mai sheƙi ta lulluɓe tsokar: ki zura bakin wuƙar ƙarƙashinta, ki riƙe gefen da yatsu, ki zare ta. Duk ɗan kitsen da kika gani ki cire, don a nan ƙarnin ya fi zama, musamman idan namiji ne da aka harba a lokacin barbara, wato ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. In kin ci karo da wurin da ya yi baƙi ya dagargaje, hanyar harsashi ce, ki yanke da faɗi ki yar. Harsashin dalma yakan tarwatse ya bar ɓurɓushin da ido ba ya gani, kuma kina da ƙananan yara.

Wuya, kafaɗa da ƙwauri na farfesu ne da miya. Ki yanka manya-manya, ki goge ruwan jikinsu, ki ɗan juya su a man shanu har su yi ja a waje kawai. Ki zuba albasa da yawa, citta, tafarnuwa, masoro, kanumfari uku ko huɗu, da daddawa in kina da ita. Ruwa ya tsaya daidai kan naman, ki rufe, ki rage wuta har tukunyar ta koma ɗan motsi kawai. Awa uku. In kin taɓa a awa ɗaya da rabi za ki ji ya ƙara tauri, kar ki karaya, lokacin jijiyar ba ta saki ba tukuna. Da na je wurin 'yata a Suwidin, inda su ma farautar mus babbar al'ada ce ta kaka, ƙwaurinsa muka yi wa haka muka ci da tuwon shinkafa, romon har yana kama leɓe. Ki yi hankali da kimba, ta yi yawa za ta danne ɗanɗanon naman ta bar miki ɗaci.

Doguwar tsokar da ke kwance gefen ƙashin baya ita ce mai laushi, kar ki ɓata ta a miya. Ki yanka ta tun tana da sauran ƙanƙara, ta fi yankuwa siriri, ki gitta zaren naman, kar ki bi shi. Ki shafa man gyaɗa da hannu a sake, ki barbaɗa yajin ƙuli, ki gasa a wuta mai ƙarfi minti biyu ko uku kowane gefe. Hukumar lafiya ta Kanada ta ce naman daji ya kai zafin digiri 74 na ma'aunin Celsius a cikinsa kafin a ci. Ƙatuwar tsoka kafin ta kai haka ta bushe, amma yankan tsire yana nuna har ciki kafin ruwansa ya gudu.

Da ni ce ke, rabin kilo goman nan dambu zan yi. Dambun nama dama tsoka zalla yake so, kuma shi ne girki ɗaya da tauri ba ya cutar da shi, tunda dafa shi za ki yi har ya yi ligif sannan ki daka. Cinya ta fi dacewa. Sai dai zai sha mai fiye da na saniya, ki riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan kina juyawa. Kilishi ma yana yi, sai dai ranar shanya ba ki da ita a St. John's. Ki busar a obin kan ƙaramar wuta da ƙofar a ɗan buɗe, kuma bayan kin tsoma a labu ya sake bushewa, kar ki tsallake gashin ƙarshe. Bushewa kaɗai ba ta kashe ƙwayoyin cuta.

Hantar kuwa, ki haƙura. Mus yana tara wani ƙarfe mai guba, kadmiyam, a hanta da ƙoda daga ganyayen da yake ci, yana ƙaruwa da shekarunsa, kuma dahuwa ba ta fitar da shi. Hukumomi a sassa da dama na Kanada sun gargaɗi mutane kan cin su. Na san Bahaushiya da hanta, amma wannan ba taki ba ce.

TAMBAYA: Hajiya, barka da aiki. Nakan sayi bandar gada da zomo wurin mafarauta ranar kasuwa. Uwargida ta ce warin hayaƙi yana ɓata mata miya. Mene ne mafita? Daga wani magidanci a Azare.

AMSA: Malam, uwargida tana da gaskiya, kuma gyaran ba wuya. A kankare baƙin da ke waje da wuƙa, a jiƙa a ruwan zafi da gishiri rabin awa, a zubar da ruwan, a buɗe tsakanin gaɓoɓin a duba ko akwai tsutsa ko laushin ruɓa, don banda takan bushe a waje cikinta da saura. Tafasar farko ma a zubar. Miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa ta fi karɓarsa a kan jar miya.

Ka sayi wurin wanda ka sani, wanda zai gaya maka ko harbi ne ko tarko, kuma ya yanka da kansa. In an haɗa maka da gafiya ko ɓera a cikin tarin, ka bar su. Ɓera ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, haɗarin ya fi yawa ga mai kamawa da mai feɗewa, kuma Bauchi tana cikin jihohin da cutar ta fi addaba a lokacin rani.