Kwamfutar Hannu Ta Iso a Fashe: Wa Zai Biya Asarar?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ina zaune a Jidda. Na sayi laftof ta hannu ta intanet a wurin wani mutum da ke Riyad, riyal 1,800, na tura masa kuɗin ta banki har da na aike. Ya nuna mini bidiyonta tana aiki kafin ya turo. Da mandub, wato ɗan aiken kamfanin jigila, ya kawo na sa hannu na karɓa, sai da na shiga ɗaki na buɗe na tarar allon ya tsage, gefe ɗaya ya lotse. Mai sayarwa ya ce shi lafiya lau ya ba da ita. Kamfanin jigila kuma sun ce ba su san ni ba. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya mayar da alheri. Kafin komai, kada ka kai kwamfutar nan wurin mai gyara, kada kuma ka jefar da kwalin. Na san hankalinka na kan ka ga ta tashi ka ci gaba da aiki, amma da zarar mai gyara ya kwance noti ɗaya, ka ba mai sayarwa ƙofar cewa a hannunka ta lalace. Ka ɗauki hoton kwalin ta kowane gefe, musamman kusurwar da ta lotse, da takardar aike da ke manne a jikinsa, da abin da aka naɗe ta da shi a ciki. Idan tsohuwar jarida ce kawai aka cusa, ba soso ba ledar kariya, hoton nan ya fi dogon bayani.

Asalin maganar ita ce: a hannun wa kayan suke a idon doka lokacin da suka lalace? A Dokar Mu'amalolin Farar Hula ta Saudiyya, wadda ta fara aiki a watan Disamba na 2023, idan yarjejeniya ko al'ada ta nuna mai sayarwa ne zai aiko da kaya, ba a ɗauka ya miƙa su sai sun iso wurin mai saye, in dai ba ku yi sharaɗin akasin haka ba. To tunda shi ya naɗe, shi ya zaɓi kamfani, shi ya kai musu, cewarsa "lafiya na ba da ita" ba ta wanke shi. Abin da kuka ƙulla shi ne kwamfuta mai aiki ta iso gare ka. Sai dai ka koma ka karanta hirarku da kyau. In akwai inda ya rubuta cewa aike a wuyanka yake ka kuma amince, ko kai ka turo wanda ya karɓa a madadinka, to lissafin ya sauya, kamfanin jigila ne abokin shari'arka.

Kasancewarta ta hannu bai soke haƙƙinka ba. Wanda ya sayi tsohon kaya ya yarda da ƙarzuwar jiki da batirin da ya fara gajiya, bai yarda da tsagaggen allo da ba a nuna masa ba. Idan ma bincike ya nuna aibin tun daga can yake, dokar ta ba ka damar neman haƙƙinka, amma ba a sauraron ƙarar aibi bayan kwana 180 daga ranar karɓa. Kada ka zauna kana jiran alkawarin "gobe insha Allah".

Kamfanin jigila kuwa, dalilin da ya sa suka ce ba su san ka ba shi ne da wanda ya aiko suka ƙulla. Duk da haka ka shigar da ƙorafi a wurinsu yau ɗin nan da lambar aiken, ka karɓi lambar ƙorafin ka adana, ka kuma matsa wa mai sayarwa ya nemi diyya ta ɓangarensa. In sun yi biris, Hukumar Sufuri ta Ƙasa ce ke sa ido kan kamfanonin kai saƙo, ana samunta a 19929. Kada dai ka sa rai da yawa a nan, domin idan ba a bayyana darajar kayan ba kuma ba a yi musu inshora ba, diyyar da ke cikin sharuɗɗansu takan gaza kuɗin kwamfutar nesa ba kusa ba. Sa hannun da ka yi ba tare da ka buɗe ba ya ɗan raunana ka, amma bai kashe maganarka ba, matuƙar ka sanar da su da wuri.

Idan mutumin ɗan kasuwa ne mai shago a intanet, Dokar Kasuwancin Intanet ta 2019 ta ba ka kwana 15 daga karɓa ka fasa cinikin in ba ka yi amfani da kayan ba, kuma kana iya kai ƙararsa Ma'aikatar Kasuwanci ta lambar waya 1900 ko manhajar Balagh Tijari. In kuwa mutum ne da ya sayar da tasa ta kansa, hanyarka ita ce sulhu ta Taradhi, dandalin sulhu na intanet na Ma'aikatar Shari'a, in ya ci tura sai ƙara ta Najiz, shafin ma'aikatar da ake shigar da ƙara. Saƙonnin WhatsApp da bidiyon da ya turo da rasit ɗin banki duk hujja ne, Dokar Shaida ta 2022 ta amince da hujjar dijital. Kada ka goge komai.

Shawarata ita ce ka rubuta masa saƙo ɗaya cikin ladabi, ba zagi ba barazana, ka haɗa da hotunan, ka ba shi zaɓi biyu: ya karɓi kayansa ya mayar maka da kuɗinka, ko ya biya kuɗin sauya allo bisa ƙiyasin shago a rubuce. Ka ba shi mako ɗaya. Idan allon kaɗai ya taɓu, na fi son ka karɓi kuɗin gyara, domin zirga-zirgar shari'a a kan riyal 1,800 za ta cinye maka lokacin neman abinci. In ya ƙi duka biyun, saƙon nan shi ne takarda ta farko da za ka ɗora a Taradhi.