Maganin kwari na pyrethrin daga fure ake samunsa, yana da illa kuwa?

Dan uwa ka tambaya wai tunda pyrethrin daga fure ake cire shi ko zaka iya fesawa ba tare da tsoron komai ba, to gaskiya a'a. Eh daga busasshen furen Chrysanthemum ake samunsa, Kenya ma ta dade tana nomansa, kuma yana kashe sauro da kuda da kwarin ganye nan take saboda jijiyoyin kwaron yake bugawa sai kaga ya fadi yana shure-shure. Amfaninsa shi ne rana tana lalata shi da wuri, kwana daya ko biyu ya tafi, baya zama a kasa kamar tsohon maganin kwarin nan DDT.

Amma fa kifi baya jure shi ko kadan, kar ka wanke famfon feshi kusa da tafki, kudan zuma ma yana kashe su shi yasa ake fesawa da yamma bayan sun koma gida. Kyanwa kuma hantarta bata iya sarrafa shi sosai, balle permethrin wanda irinsa ne da ake hadawa a kamfani, wannan kam yana iya kashe ta. Kai kanka ka rufe hanci, ka kuma rufe hannu, mai asma kuwa ya bar dakin sai warin ya fita.