Tambayoyinku: gwajin kyauta, lauyar talla, da wayar da ake zargi da saurare

Malam, na sauke wata manhajar gyara hoto da aka ce gwajin kwana bakwai kyauta ne. Bayan kwana biyu na goge ta, amma ga shi wata na uku ke nan ana cirar mini kuɗi. Ina mafita? Daga wani mai karatu.

Ɗan'uwa, manhaja ka goge, rajistarka tana nan daram. Ka kwashe kayanka daga gidan haya ba ka sallami mai gida ba, yanzu kana mamakin ganin takardar kuɗin haya. Idan Android ce, shiga Play Store, taɓa hotonka da ke kusurwar sama, ka nemi wurin biyan kuɗi da rajista, ka soke. Idan iPhone ce, yana cikin saituna ƙarƙashin sunanka. Daga nan ka nemi a mayar maka da kuɗin, ko da yake wata uku ya yi nisa, kada ka sa rai sosai. Ni al'adata, ranar da na karɓi gwajin kyauta ranar nake soke shi. Galibi gwajin yana ci gaba har kwanakinsa su cika.

Malam, ina shekarar ƙarshe a karatun lauya, kuma ina sha'awar fannin dokar talla da kare haƙƙin masu sayayya. Abokaina sun ce fannin ba shi da tafiya, wasu kuma sun ce sai na koyi rubuta manhaja. Ni ko kwamfutata ba na iya gyarawa. Me ya kamata in koya? Daga wata ɗaliba.

Ƙanwata, kin sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi, don haka gyara zama.

Ba sai kin koyi rubuta manhaja ba. Abokan naki kuma da suka ce fannin ba shi da tafiya, ki karanta musu wasiƙar da ke sama da taki. Irin wannan mutumin miliyoyi ne a duniya, kowannensu da ƙorafinsa.

Aikin ɓangare biyu ne. Akwai lauyan kamfani, wanda ake kawo wa talla kafin ta fita ya tambaya: kun ce batirin yana kwana biyu, ina gwajin da ya nuna haka? Akwai kuma lauyan hukuma ko na masu saye, wanda yake yin tambayar bayan an riga an yi ɓarna. Hukumomin ba sababbi ba ne. Amurka ta kafa FTC mai kula da kasuwanci da kare masu saye tun 1914, Birtaniya tana da ASA mai sa ido kan talla tun 1962, Najeriya kuma tana da FCCPC mai kula da gasa da haƙƙin masu saye, da ARCON da ta gaji APCON a 2022 kan harkar talla. Waɗannan hukumomi, malamanki sun fi ni saninsu. Abin da ba lallai su koya miki ba shi ne yadda yaudarar ta tashi daga kalmomi ta koma cikin maɓallai.

A da mai talla ƙarya yake yi da baki, a kama shi da abin da ya faɗa. Yanzu sai ya faɗi gaskiya tsaf, ya bar zanen shafin ya yi masa aikin. Maɓallin amincewa ƙato ne, kore shar. Na ƙin amincewa kuma rubutu ne siriri ruwan toka a can ƙasa, sai kin kanne ido. Akwatin inshorar da ba ki nema ba an riga an yi masa alama. Farashi ɗaya ne a shafin farko, a shafin ƙarshe ya haihu. Kwanaki ina duba wani shafin sayayya, agogo yana ta ƙirge wai saura minti goma rangwame ya ƙare. Na jira ya kai minti biyu, na sake loda shafin. Ya koma goma cif, ko kunya babu. Wani masanin tsara shafuka ɗan Birtaniya, Harry Brignull, ya raɗa wa waɗannan dabaru suna "dark patterns" a 2010, ma'anarsa kusan baƙaƙen dabaru. Ni tarko nake ce musu, don sunansu ke nan.

Kuma kada ki ɗauka ƙananan shafuka ne kawai. A 2022 kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya amince ya biya dala miliyan 245 a mayar wa 'yan wasa, saboda FTC ta ce tsarin maɓallansa yana sa mutane, har da yara, su sayi abin da ba su yi niyya ba. A 2023 hukumar ta kai Amazon ƙara kan rajistar Prime, tsarinsa na mambobi masu biyan kuɗi, ta ce shiga taɓawa ɗaya ce ko biyu, fita kuwa sai ka bi shafi bayan shafi. A takardar ƙarar an ce a cikin gida ma'aikata suna kiran hanyar fitar da sunan wata doguwar waƙar yaƙi ta Girkawa. A 2025 aka sasanta kan dala biliyan 2.5. Sai masu tasiri a kafafen sada zumunta: a 2022 Kim Kardashian ta biya dala miliyan 1.26 ga hukumar kula da hannayen jari ta Amurka, domin ta tallata wani kuɗin kirifto a Instagram ba ta bayyana cewa an ba ta dala 250,000 ba. A irin shari'ar Epic da ta Amazon, lauyoyi ne suke zama su ƙirga taɓawa, su duba tsarin maɓallai.

Ga inda gizo ke saƙar. Tallar jarida tana nan a takarda, bayan shekara ashirin a ɗauko ta. Ta intanet kuwa abin da na gani ba shi kika gani ba, domin kamfanoni suna gwada zane iri biyu ko fiye a kan mutane daban-daban a lokaci guda, kuma gobe an canza komai. Lauyan da bai iya adana shaida ba zai je gaban alƙali da labari ne kawai. To ki koyi ɗaukar hoton allo yadda adireshin shafi da kwanan wata za su fito. Ki koyi naɗar bidiyon allo tun daga talla har zuwa biyan kuɗi ba yankewa. Ki saba da rumbun tallace-tallace na Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, inda kowa zai iya ganin tallar da wani shafi yake yi a Facebook da Instagram, da Wayback Machine mai ajiye tsofaffin fuskokin shafuka. Sannan ki fahimci yadda kukis da ɗigon bin sawu, wato 'yan abubuwan da shafuka suke amfani da su su gane ki su bi sawunki, suke aiki, don dokar talla da ta kare bayanai sun zama Ɗanjuma da Ɗanjummai tun da GDPR, dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, ta fara aiki a watan Mayun 2018. A 2024 ma FCCPC ta ci Meta tarar dala miliyan 220 a shari'ar da ta haɗa haƙƙin masu saye da kare bayanai.

Aikin gida: zaɓi manhaja biyar a wayarki, ki ƙirga taɓawa nawa ake yi a shiga rajista, nawa ake yi a fita, ki rubuta. Kwamfutar kuma ki kai wa mai gyara, ba aikinki ba ne.

Malam, jiya muna hirar takalmi da abokina, yau na ga tallar takalmi. Wayata tana saurarena ne? Daga wani mai karatu.

Ba ta buƙatar kunne, Malam, yatsunka sun riga sun gaya mata komai. Ko kai ka taɓa binciken takalmin ka manta, ko abokin naka ya yi a kan wayfai ɗaya da kai. Shiga saituna ka cire izinin makirufo daga manhajojin da ba ruwansu da murya, fitilar waya ba ta da abin da za ta ji. A Android ka goge lambar shaidar talla, a iPhone ka hana manhajoji neman izinin bin sawunka. Tallar ba za ta daina zuwa ba, sai dai ta daina sanin lambar ƙafarka.