Filin Tambayoyinku: Dabarun da Ke Ɓoye a Manhajojin Tsara Shafi

Mafi yawan wasiƙun da suka iso mana a wannan watan sun shafi manhajojin da ake tsara shafukan littattafai da mujallu da su. Sunayen umarni da madannan da za mu ambata na InDesign ne a kan Windows, amma kusan kowace dabara tana da takwararta a QuarkXPress da Affinity Publisher da Scribus.

Tambaya: Na tsara littafi mai shafi fiye da ɗari biyu, bayan na gama sai marubucin ya ce a ƙara girman kanun babi, kuma a sauya samfurin haruffan jikin littafin gaba ɗaya. Akwai wata hanya ban da in bi shafukan ɗaya bayan ɗaya?

Amsa: Malam, hanyar tana nan, sai dai tun ranar da aka fara aiki ya kamata a share ta. Abin da yawancin masu koyo ke yi shi ne su zaɓi kan babi da linzami, su ƙara masa girma, su kai shi tsakiya, sannan su maimaita wannan hidimar a babi na gaba. Manhajar ba ta san cewa waɗannan layukan 'yan gida ɗaya ne ba, saboda haka ba za ta iya gyara su tare ba. Maganin shi ne salon sakin layi, wanda ke cikin akwatin Paragraph Styles. Ka gyara sakin layi guda yadda kake so, da samfurin haruffansa da girmansu da tazarar da ke tsakanin layuka, sai ka adana wannan tsarin da suna, misali "kan babi" ko "jikin rubutu". Duk sakin layin da ka ɗora wa sunan zai ɗauki kamannin, kuma ranar da marubuci ya sauya ra'ayi, wuri ɗaya za ka taɓa, littafin gaba ɗaya ya biyo.

Tun da naka aikin ya riga ya kammala, ga mafita. Akwatin nema da sauyawa, wanda Ctrl da F ke buɗewa, ba kalmomi kaɗai yake nema ba, yana neman siffar rubutu ma. Ka bar gurbin kalmar fayau, ka ce ya nemo duk rubutu mai kauri da girmansa ya kai 18, alal misali, ya ɗora masa salon kan babi. Idan ka ga alamar tarawa ta bayyana kusa da sunan salo, tana gaya maka cewa akwai gyaran hannu da ya hau kansa, kuma danna sunan tare da riƙe Alt yana share shi.

Wanda ya saba da salo zai tarar da wasu ƙofofin a bayansa. Ana iya gina salo a kan wani salo, ta yadda sauya haruffan jikin rubutu zai kai har ga bayanan ƙasan hotuna. Akwai kuma salo cikin salo, wanda manhajar ke kira Nested Styles. Ka dubi wannan filin da kake karantawa: ana iya umartar manhajar ta riƙa kaurara farkon kowane sakin layi har zuwa ruwa biyu na farko, sai kalmomin Tambaya da Amsa su riƙa fitowa da kaurinsu ba tare da wani ya taɓa su ba. Ƙunshiyar littafi ma daga salon kanun babi manhajar ke haɗa ta da lambobin shafukanta, kuma idan shafuka suka gusa, umarni ɗaya ke sabunta ta. A ganinmu babu ɗabi'ar da ta fi ɓata aiki kamar danna Enter sau biyu domin samar da tazara, ko tura farkon sakin layi ciki da madannin sarari. Ka danna Ctrl da Alt da I, alamomin ɓoye za su bayyana, ka ga yawan shirgin da ke kwance a shafinka.

Tambaya: Ina rubuta lambar kowane shafi da hannu, kuma duk lokacin da aka cusa sabon shafi a tsakiya sai lissafin ya rikice.

Amsa: Malama, lambar shafi ba a rubuta ta da hannu. Kowane aiki yana da uwar shafi, wato shafin da duk abin da kika ɗora masa zai bayyana a sauran shafukan da ke ƙarƙashinsa. Ki buɗe uwar, ki ja ƙaramin akwatin rubutu a inda kike son lambar, ki danna Ctrl da Alt da Shift da N. A kan uwar harafin A za ki gani, amma a shafi na 37 lambar 37 ce za ta fito, kuma ko shafi nawa aka cusa lissafin zai gyara kansa. Idan kina son cire lambar daga shafi ɗaya tak, kamar shafin farkon babi, ki riƙe Ctrl da Shift ki danna ta, sai ta saku ki goge ta a nan kaɗai.

Tambaya: A Word haruffa masu lanƙwasa suna fitowa daidai, amma da na shigar da rubutun cikin manhajar tsara shafi sai ƙ da ɗ da ɓ su koma akwatuna, wani lokacin kuma su koma alamomin baka.

Amsa: Malam, cuta biyu ka haɗa a tambaya ɗaya, kuma kowacce da maganinta. Akwatunan suna nufin samfurin haruffan da ka zaɓa ba shi da waɗannan haruffa a cikinsa. Word yakan rufa maka asiri, ya aro harafin daga wani samfurin ba tare da ya sanar da kai ba, wanda ya sa wani lokaci za ka ga ƙ ɗin ta fi maƙwabtanta siranta. Manhajar tsara shafi ba ta yin wannan aron, sai ta nuna maka gurbin a fili, kuma hakan ya fi alheri, domin ka gani tun kafin a buga. Ka zaɓi samfurin da ke da haruffan, manya da ƙanana, kamar Charis SIL ko Gentium ko Andika ko Noto Serif, waɗanda duk kyauta ake sauke su. Kafin ka amince da kowane samfuri, ka rubuta Ɓ da Ɗ da Ƙ da ƙananansu, ka gwada su a tsaye da karkace da kuma mai kauri, domin wani samfurin yana da su a tsaye amma ba shi da su a karkace.

Cuta ta biyu tsohuwa ce. Kafin tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa ta kansa a kwamfuta, ya yaɗu, an ƙera samfuran da suka ɗora haruffa masu lanƙwasa a gurbin wasu alamomi, ta yadda a cikin fayil ɗin }asa aka rubuta, samfurin ne kawai yake nuna ta a matsayin ƙasa. Da zarar an sauya samfuri sai alamar ta koma ainihinta. Gyaran shi ne a bi alamomin da nema da sauyawa, a maye gurbin kowacce da harafinta na gaskiya, sannan a adana umarnin neman da suna domin aikin gaba.

Abubuwa biyu kuma da ba ka tambaya ba, amma za su same ka. Manhajar tana raba kalma a ƙarshen layi ne bisa ƙamus ɗin harshen da aka saita, saboda haka ƙamus ɗin Turanci zai iya raba ts ko ƙw gida biyu. Ka kashe raba kalma a cikin salon jikin rubutu, inda kuma layi ya yi wagege ka sa karan ɗori na zaɓi da Ctrl da Shift da karan ɗori, wanda ba ya bayyana sai idan kalmar ta faɗo a ƙarshen layi. Na biyu, alamar da ke farkon 'yan da 'ya'ya manhajar takan ɗauke ta a matsayin buɗe zance, sai ta juya ta baibai. Ka neme su ka gyara ɗaya bayan ɗaya, kada ka ce a sauya duka lokaci guda, domin akwai zancen gaske da ke farawa da harafin y.

Tambaya: Aikina yana da kyau a allon kwamfuta, amma da ya fito daga maɗaba'a sai hotunan suka yi dishi-dishi, ƙananan rubutu suka yi inuwa, ga kuma farin zare a gefen bango.

Amsa: Malama, allo ba shaida ba ne a kan abin da takarda za ta nuna. A akwatin Links kowane hoto yana da adadi biyu na ɗigo a kowane inci, na asalinsa da na bayan an ja shi, kuma na biyun ne abin dubawa. Hoton da ke da ɗigo 300 a kowane inci, idan kika ninka girmansa sau biyu ya koma 150. Domin hoto ya cika shafin A4 da kyau yana buƙatar kusan ɗigo 2480 a faɗi da 3508 a tsawo, kuma hoton da ya bi ta manhajojin hira yawanci an riga an matse shi.

Inuwar rubutu kuwa daga baƙi take. Injin bugu yana aiki da tawada huɗu, wato CMYK, kuma ƙananan haruffa da baƙar tawada kaɗai ya kamata a buga su. Idan baƙin ya zo daga launin allo na RGB, ko kika zaɓi wanda ake kira Registration saboda ya fi duhu a ido, sai dukan tawadun huɗu su hau kan harafi ɗaya, kuma kaucewar faleti, wato farantin da ke ɗora kowace tawada, komai ƙanƙantarta za ta bar masa gefe ja ko shuɗi. Ki buɗe akwatin Separations Preview, mai nuna kowace tawada daban, ki kashe baƙi: idan rubutun ya ɓace gaba ɗaya, lafiya lau, idan ya saura, akwai gyara.

Farin zaren kuma laifin rashin rarar gefe ne. Wuƙar yanka takarda ba ta sauka a kan layi cif, saboda haka duk hoto ko launin da ya kai bakin shafi sai ki ja shi ya wuce da milimita 3, kuma lokacin fitar da PDF ki tabbatar kin ce a haɗa da rarar, domin ba ta shiga da kanta. Ki tambayi maɗaba'a wane nau'in PDF na bugu suke so, PDF/X-1a ko PDF/X-4. Idan aikin mujalla ce ta ɗinkin tsakiya, dole yawan shafukanta ya rabu da huɗu, kuma ki aika su a jere ɗaya bayan ɗaya, ki bar musu aikin haɗa su a faleti.

Tambaya: Abokin aikina yana da tsohuwar InDesign, wani kuma Affinity Publisher yake amfani da ita. Yaya za mu riƙa musayar aiki?

Amsa: Malam, ka adana aikin a tsarin IDML, wani nau'in fayil na musayar aiki wanda ya zo tare da zubin InDesign CS4 a 2008. Tsofaffin InDesign daga wannan zubin zuwa sama suna buɗe shi, Affinity Publisher ma haka, sai dai ka sake duba inda layuka suka karye, domin kowace manhaja da yadda take jera rubutu. Wannan tsarin yana kuma wanke fayil ɗin da ya kumbura ko ya fara gardama: ka fitar da shi, ka sake buɗewa, ka adana da sabon suna. Hotuna ba sa cikin fayil ɗin, alaƙa kawai yake riƙe da su, don haka ka yi amfani da umarnin Package ya tattara maka su a jaka ɗaya kafin ka aika. Masu tsofaffin ayyukan PageMaker, wadda ta fara fitowa a 1985 kuma zubinta na ƙarshe ya fito a 2001, su sani cewa CS6 ce InDesign ta ƙarshe da ke buɗe su kai tsaye, saboda haka wanda ke da ita a hannu ya juya su zuwa IDML tun kwamfutar tana aiki.