Kafin ki sa almakashi a gidajen zanin gadonki

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Na ga tambayarki: kin haɗa gidaje 20 da ƙyallayen atamfa, wato murabba'an da ake jerawa a ɗinke su tare, za ki yi zanin gado, kin so kowanne ya fito inci 12 da rabi, sai ga shi wasu sun haura, wasu sun gaza. Kina tambaya ko ki datse su, da kuma irin yadin da za ki yi shinge da shi tsakaninsu. Sannu da aiki. Bari in faɗa miki yadda nake yi, don na daɗe ina wannan ɗinki.

Ki ajiye almakashin tukuna, ki ɗauko dutsen guga. Yawancin gidajen da suka gaza ba ƙanana ba ne, wani ɗan yadi ne ya naɗe a bakin ɗinki ya ɓuya. Ki kifa gidan, ki kwantar da ɗinkin gefe guda, ki juyo fuskar ki danna. Dannawa ake yi a ɗaga, kada ki riƙa jan dutsen gaba da baya, musamman inda kika yanka ƙyalle a karkace, don nan ne yadi ke miƙewa ya ƙi komawa. Sai sun huce sannan ki auna su duka, ki rubuta awon kowanne a 'yar takarda ki maƙala masa da fil.

Datsewa dole ce. Idan kowane gida ya sha bamban da kwatan inci kawai, a jerin gida biyar kin tara inci ɗaya da kwata, kuma ko wane irin shinge kika sa ba zai ɓoye wannan ba. Amma yadda ake datsewar shi ne inda mutane ke ɓata aikinsu. Daga tsakiya ake farawa. Ki nemo cibiyar gidan, ki ɗora tsakiyar ma'auninki a kanta, abin da ya yi saura ki rage shi daidai wa daida ta kowane ɓangare huɗu. Wadda ta yanke rarar duka ta gefe ɗaya za ta sami awon da take so, amma adon ya karkace, kuma sai an shimfiɗa a gado ido zai kama. Idan adonki mai tsini ne, irin na tauraro, ki tabbata kin bar kwatan inci bayan kowane tsini. Wannan kwatan shi ne rabon ɗinki. In kika cinye shi, tsinin zai shige cikin ɗinki ya fito dungulmi.

Masu hali suna amfani da rula mai kusurwa huɗu da wuƙar nan mai faifai, wadda kamfanin Olfa na Japan ya fito da ita a 1979. Tana da daɗin aiki ƙwarai, amma rashinta ba ya hana komai. Ki sami kwali mai kauri ki yanka shi 12 da rabi ta kowane gefe, ki auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyu. In awon ya zo ɗaya, kwalin ya daidaita. Ki huda tsakiyarsa don ki riƙa hango cibiyar gidan, ki zagaye da alli mai siririn baki, ki bi da almakashi mai kaifi. Bakin kwali yana cinyewa, in ya fara laushi ki sake sabo.

Waɗanda suka gaza fa? In ratar ba ta kai kwatan inci ba, ki bar su. Wajen haɗawa ki kafa fil a farko da ƙarshe da tsakiya, ki sa wanda ya fi tsawo a ƙasa, haƙoran keken za su tattare rarar ba tare da ya yi tattara ba. In kuwa gida ya gaza da rabin inci ko fiye, kada ki sadaukar da sauran goma sha tara saboda shi. Ko ki warware shi ki sake, ko ki zagaye shi da siririn ƙyalle mai launin bayansa, sannan ki datse ya zo daidai da 'yan'uwansa.

Maganar shinge kuma, ra'ayina a fili yake: atamfa tana da surutu, don haka shingenta ya zama yadi marar ado. Shuɗi mai duhu ko baƙi suna fito da launuka sosai. Fari yana da kyau ranar farko, amma ki tuna da ƙurar hunturu da yara masu hawa gado. Toka-toka da ruwan ƙasa suna rufa asiri. Kada ki zaɓa da ka. Ki shimfiɗa yadin a tabarma, ki jera gidaje huɗu a kai da ratar inci 2, ki ja baya zuwa bakin ƙofa ki duba da hasken rana. Ya zama auduga ce mai kauri kusan ɗaya da atamfar, ban da yadi mai santsi. Ki wanke shi kafin yanka, in mai duhu ne ki jiƙa farin ƙyalle ki goga ki gani ko yana zuba. Yadin rinin baba ya fi kowanne buƙatar wannan gwaji.

Ga gida mai inci 12, wato 12 da rabin nan bayan ɗinki ya ci kwata ta kowane gefe, shingen inci 2 ya isa. In ya wuce 3 sai ya danne adon. Ki yanka shi 2 da rabi a 12 da rabi, kowanne a kan awo tun kafin ya hau keke. Ɗinka dogon tsiri a bi da almakashi daga baya shi ne ke sa zanin gado ya yi igiyar ruwa a gefe. A kowace mahaɗa ki sa ɗan ƙaramin murabba'i mai 2 da rabi, ko da daga ragowar atamfarki ne. Shi ke tilasta wa jeri ya tsaya saitin jeri.

In za ki jera huɗu a biyar har da zagayen waje, tsiri 49 kike buƙata da ƙananan murabba'ai 30, zanin zai fito inci 58 a 72. Ki yanko inci 12 da rabi a faɗin yadin sau uku, kowanne ki tsaga shi 2 da rabi. A yadi mai faɗin inci 44 za ki sami 17 a kowane yanki, kuma tsawonsu zai bi bakin yadi, ɓangaren da ba ya miƙewa. Yadi ɗaya da rabi zai wadatar har da abin da wanki zai ci. Allah ya sa albarka, in kin jera su ki turo mana hoto kafin ki haɗa.